Laimar Kwaɗi a Sin, Yaɗiya a Magariya

A ƙasar Hausa laimar kwaɗi ba ta wuce abin da ke tsirowa a kan juji bayan ruwa ya sauka ba, gansakuka kuwa dauɗar tafki ce. A ƙasar Sin irinsu cimaka ne. Tun shekarar 1998 masana a Jami'ar Peking suke bin diddigin dubban tsofaffin ƙasar, suna rubuta abin da suke ci da yadda kwanansu ke ƙarewa. Daga cikin abin da aka gano har da cewa masu cin laimar kwaɗi da gansakukar teku a kai a kai sun fi waɗanda ba su ci jinkirin mutuwa. Wannan bai tabbatar da cewa su ne maganin ba, domin mai samun cimaka iri-iri sau da yawa shi ne mai halin zuwa asibiti.

Ko a Afirka abin ba baƙo ba ne. Matan Kanembu na yankin Tafkin Chadi sun daɗe suna yaɗe wata gansakuka daga tafkunan kanwa, su shanya ta a kan yashi, su sa a miya. Suna kiranta dihe. A 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwa. Ita ce sifirulina, wadda fiye da rabin nauyinta sinadarin gina jiki ne.

Wani malamin makaranta a Magariya ya kai wannan labari ga kakarsa, a wani ƙauye na gundumar Dungas. Tsohuwar ba ta san shekarunta ba, da yunwa take ƙirga su: tana goyon ɗanta na uku a farin 1973, ta aurar da ƴarta ta fari a shekarar El-Buhari, wato 1984, lokacin da aka rufe iyakar Najeriya. Da ya gama bayani sai ta yi dariya.

"Maigidana, in kwaɗo ya ara maka laimarsa ka karɓa. Ni bar ni da yaɗiyata."

"To Kaka, me kika ci har kika kai haka?"

Sai ta shiga lissafi da yatsu: yaɗiya da tafasa da gasaya da rama idan damina ta faɗi, zogale a kwaɗa da ƙuli, kuka da lalo a miya, jiga da anza idan rumbu ya ƙare. Anza kuwa sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa, ɗacinta ya fita, in ba haka ba ta yi illa. Yatsun hannu biyu suka ƙare ba ta gama ba.

Daga nan fara'arta ta ragu. Ta ce goma ta haifa, huɗu ta binne tun ba su kai yaye ba. A wannan yanki ƙofar tsufa tana da ƙunci tun daga yarinta. A 2005, shekarar da abinci ya yi ƙaranci a Nijar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magariya, inda tamowa da zazzaɓin cizon sauro ke haɗuwa a kan yara a tsakiyar damina, daidai lokacin da ganye ya fi yawa a gonaki. Ganye kaɗai ba ya warkar da yaron da tamowa ta kayar, sai asibiti. Amma tukunyar da ke da ganye iri bakwai ta fi mai iri ɗaya rufin asiri.

Malamin ya tuna tukunyar gidansa: shinkafa, taliya, mai da dunƙulen magi. Ƴaƴansa na kiran tafasa abincin yunwa, suna jin kunyar a gan su da ita. Babu ɗaya cikinsu da zai iya bambanta gasaya da ciyawa a bakin gona. Sinawa sun rubuta abin da tsofaffinsu ke ci, na Magariya kuwa yana cikin kan tsofaffi, kowace jana'iza tana tafiya da wani ɓangare nasa.

Da aka yi hutun damina ya aika babbar ƴarsa ƙauye, da littafi da alƙalami, ta bi tsohuwar gona.