Ranar da Na Bar Matata a Kan Kulob Biyu

Omar Sharif ne ya ja ni. Tun da na kalli Doctor Zhivago, fim ɗin 1965, nake son mutumin nan na Masar, daga baya na ji cewa gwani ne a wata karta da ake kira birij, har yana rubutu a jarida a kanta. To da karatu ya kai ni Landan a 2006, maƙwabtanmu, wani tsoho da matarsa, suka ce mu zo su koya mana, ban yi wata-wata ba. Kada mai karatu ya zargi wani abu, ko sisi ba a sawa, shayi ne kawai da biskit.

Mutum huɗu ke yi, bibbiyu, kowa da kati 13. Kafin a fara jefawa sai an yi ciniki: kowa ya faɗi yawan zagayen da yake ganin shi da abokinsa za su ci, da irin katin da zai zama babba. Ba ƙifta ido, ba gyaran murya. Wahalar ita ce wani kiran ba abin da ya faɗa yake nufi ba.

Wani dare na buɗe da "no-tiram ɗaya". Uwargida ta ce "kulob biyu". Ashe tambaya ce, wadda ake kira Stayman: kana da hat huɗu ko sifed huɗu? Ita ta karanta ɗan littafin da tsohon ya ara mana, ni kuwa na ɗora shi a kan talabijin. Na ɗauka kulob ne suka cika mata hannu, na ce "na wuce", har da murmushi.

Da na baje katina a tebur sai na ga ta runtse ido. Kulob biyu rak gare ta, ni uku, abokan karawa takwas! Ga hat huɗu a hannuna, huɗu a nata. Zagaye takwas ake nema, da ƙyar ta ci biyar.

Nan tsohuwar ta ba mu labarin Myrtle Bennett ta Kansas City a Amurka, wadda ta harbe mijinta a 1929 bayan ya faɗi a kiran sifed huɗu, kotu kuma ta sallame ta a 1931. Kowa ya yi dariya ban da Uwargida.

Abin da ya ci mata rai ba faɗuwar ba ce. A ƙofar gida ta ce, "Baban Ummi, sau biyu na yi maka bayanin nan a kicin, kana ta cewa to, to." Wallahi ban tuna ba, kuma na san ba a karta kaɗai nake yi mata haka ba.

Daren nan na sauko da littafin. Mako na gaba ta ce "kulob biyu", na ce "hat biyu", ba ta ko ɗago kai ba.