Wasannin Kwamfuta Biyar Da Suka Taya Ni Zaman Kwatano

Ɗana na fari ne ya tono wannan magana. Ya kira ni daga Kano inda yake karatu, muka gaisa, sai ya ce, "Baba, na ga na uku na wasan nan naka, Baldur's Gate. Wallahi naku na da ko kusa da shi bai kai ba." Na ce masa yaro man kaza. Muka yi kusan rabin awa muna musu har katinsa ya ƙare. Da na ajiye waya sai uwargida ta ce, "Alhaji, da furfurarka kake wannan gardama?" Na ce mata ai da furfurar ne ma zan rubuta ta.

A shekarar 2001 na fara harkar kwamfuta 'yar gwanjo a Kwatano. Kwantena ta iso daga Turai, mu sayi kaya a dunƙule, mu ware mai rai da matacciya. Sau da yawa a ƙasan kwali sai ka tarar da faya-fayan CD da masu kayan suka watsar. Ni kuma dole in gwada kowace kwamfuta kafin in sayar, to da waɗannan faya-fayan nake gwaji. Daga gwaji abu ya zama jiki.

Irin wasan da nake nufi shi ne wanda ake kira RPG. Kai ne za ka shiga rigar wani mutum, ka zaɓa masa hali da sana'a, ka yi tafiya gari-gari, ka yi magana da mutane, ka yi ciniki, ka yanke shawara, kuma shawarar ta biyo ka. Ga biyar ɗina, daga ƙasa zuwa sama.

Na biyar shi ne Diablo II, na kamfanin Blizzard, wanda ya fito a 2000. Daɗi kam yana da shi, musamman kashi na biyu da ake yi a birnin Lut Gholein na cikin hamada, mai kasuwa da tashar jiragen ruwa. Amma wasa ne na danna-danna kawai: ka kashe dodo, ya zubar da kaya, ka kwasa, ka nemi wanda ya fi shi. Kamar gyaɗa ce, ba ka ƙoshi kuma ba ka dainawa. Shi ne ya taɓa ja mini asara. Na kwana a kansa har kiran assalatu, na yi salla na ce bari in ɗan kishingiɗa. Wani mai saye da ya taso tun daga Yamai don kwamfuta goma ya jira ni a bakin shago har hantsi, ya gaji ya saya a wurin maƙwabcina. Ranar uwargida ta ɓoye faifan, kuma har yau ban tambaye ta inda ta kai shi ba.

Na huɗu Morrowind ne, na kamfanin Bethesda, 2002. Ana sauke ka daga jirgin ruwa kana fursuna, a wani tsibiri da ba ka san kowa ba, kuma duk inda ka shiga 'yan ƙasa suna kiranka baƙo. Wanda ya taɓa sauka a tashar mota a ƙasar da ba ya jin yarenta ya san wannan kallon. Babu kibiyar da za ta nuna maka hanya, kwatance ake yi maka da baki, ka bi ka ɓata ka dawo. Cinikinsa ma irin namu ne. Kana iya taya kaya ƙasa da kuɗin da aka sa, farashi yana sauka idan mai shago yana ganin mutuncinka, kuma kowane ɗan kasuwa akwai iyakar kuɗin da ke aljihunsa. In ka kawo masa hajar da ta fi ƙarfin jarinsa, sai dai ku yi musaya.

Na uku shi ne wanda muka yi musu a kansa, Baldur's Gate na 1998. Wasu likitoci ne a Kanada suka kafa kamfanin da ya yi shi, BioWare. Faifai biyar ne, kana cikin tafiya sai ya ce ka cire wannan ka sa wancan, kuma nawa na huɗun ya karce, sai na goge shi da gefen riga ina addu'a. Abin da ya kama ni labarinsa ne. Ƙarfe ya yi tsada a ƙasa, wanda ake haƙowa a mahaƙar Nashkel ya zama mai karyewa, 'yan fashi kuma sun tare ayari a hanya. Da ka bi diddigi sai ka gano wata ƙungiyar attajirai ce mai suna Iron Throne ta shirya duka biyun, don kasuwar ƙarfe ta dawo hannunta. Duk wanda ya ga yadda ake ɓoye hatsi a sito ana jiran bazara ba sai an yi masa bayani ba. Sannan kuna tafiya ne ku shida, kowa da halinsa, wasu ba sa ga maciji da juna, in ka ɓata sunanka masu kirkin su watse su bar ka. Na biyunsa da ya fito a 2000 ya fi shi girma da tsari, na yarda. Amma na farkon ne ya koya mini Turancin da makaranta ba ta koya mini ba, da ƙamus a gefe.

Na biyu tsoho ne tukuf, Ultima IV na Richard Garriott, 1985. Cikin wani faifai da aka tara jerin wasannin Ultima na same shi. Hotonsa ba abin kallo ba ne, mutane kamar an zana su da tsinke, magana kuma sai ka rubuta kalma da hannunka. Amma babu wani babban mugu da za ka kashe ka ce ka gama. Aikinka shi ne ka cika halaye takwas, cikinsu akwai gaskiya, tausayi, adalci, sadaukarwa da tawali'u. Masu sayar da kayan haɗin magani a wasan makafi ne. Za a faɗa maka kuɗi, kai kuma ka rubuta abin da ka ga dama ka biya. Na farko na riƙa biyan kaɗan ina murna na yi wayo. Can gaba na tarar hanya ta toshe, ashe wasan yana lissafe da ni. Na daɗe zaune gaban allon nan, domin a satin na sayar wa wani malamin makaranta kwamfutar da na san batirin agogonta ya mutu ban faɗa masa ba. Ba wasa ne ya koya mini haramcin algus ba, tun ina yaro na ji shi a makarantar allo. Amma ranar ya tuna mini, washegari na aika yaro ya canza masa.

Na ɗaya, wanda ba na jayayya da kowa a kansa, shi ne Fallout na 1997, na kamfanin Interplay. An yi yaƙin nukiliya duniya ta ƙone, mutanenka suna zaune a wani gida na ƙarƙashin ƙasa mai lamba 13. Na'urar da ke sarrafa tace musu ruwa ta lalace, sai shugaban gidan ya tura ka waje ka nemo wata, kwana 150 kacal kake da su. A waje za ka tarar da garin kasuwa da ake kira Hub, inda marafan kwalba su ne kuɗi, fatake suna fita da shanu masu kai biyu, masu sayar da ruwa kuma su ne manyan gari. Inda za ka sami na'urar, a Necropolis, wasu bayin Allah ne ke rayuwa da ita. Kana iya ɗauka ka tafi su mutu da ƙishirwa, kana iya tsayawa ka gyara musu famfonsu tukuna. Har babban abokin gaba ana iya gamawa da shi da hujja, ba tare da harbi ba.

Ƙarshensa ne ya sa na ɗora shi a sama. Bayan ka ceci mutanenka ka dawo bakin ƙofa, sai shugaban ya tare ka, ya gode maka, sannan ya ce ba za ka shiga ba. Waje ya canza ka, in ka zauna matasa za su yi sha'awar fita. Lokacin da na fara ganin wannan haushi kawai na ji. Sai bayan shekaru, da mahaifinmu ya rasu na je gida, aka zauna maganar gona da gidan gado. Na kawo shawara, yayana ya dube ni ya ce, "Kai da ba ka nan, bari mu da muka san gari mu yi magana." Rufin ɗakin da muke zaune a ciki ni na aiko da kuɗinsa. Ban ce komai ba, don ta wani gefen yana da gaskiya: ban san wanda ya mutu a unguwa ba, ban san farashin taki ba, Hausata ma ta gauraye da Faransanci. A motar dawowa, wajen Malanbil, hoton mutumin nan da ya juya baya ya nufi hamada shi ne ya riƙa zo mini.

Na san wasu iyaye za su ce wasannin nan cike suke da bokaye da dodanni da gumaka. Haka ne, akwai su, kuma Fallout da Diablo akwai zubar da jini da bai dace da ƙananan yara ba. Ni abin da na yi a gidana shi ne na zauna kusa da yaro na ga abin da yake bugawa, na sa masa lokaci, kiran salla kuma yana kashe komai. Tsofaffin nan ba sa bukatar babbar kwamfuta, ana samun yawancinsu da araha a shafin GOG, Ultima IV ma kyauta ne.

Shi kuwa ɗana mun yi yarjejeniya. In ya zo hutun Babbar Salla zai nuna mini nasa na 2023, ni kuma zan zaunar da shi gaban Fallout har ya kai bakin ƙofar nan. Yana maganar tafiya waje neman aiki in ya gama karatu, kuma ina so ya gani kafin ya tafi. Yayana kuma na kira shi a satin da ya wuce, mun yi maganar taki.