Gumel Ta Lautai: Inda Zuciya Ke Dukan Uku-Uku Ba Sai Da Biza Ba

DUK wanda ya kalli Kaho Naa Pyaar Hai, fim ɗin da ya fito da Hrithik Roshan a 2000, ba zai manta da tsibirin nan da shi da Amisha Patel suka maƙale a ciki ba. A yankin Krabi na ƙasar Tailan aka ɗauke shi. Haka ma wani ɓangare na Kuch Kuch Hota Hai na 1998, a tsibirin Morishos aka yi shutin ɗinsa. A irin waɗannan wurare masu yawon buɗe ido kuɗi suke biya don a tsorata su. Wani a ɗaura masa lema jirgin ruwa ya ja shi ya lula sama, wani ya goya tukunyar iska ya nutsa ƙarƙashin teku, wani kuma a rataye shi jikin waya ya zuro daga wannan dutse zuwa wancan yana kururuwa.

Matashi ɗan Arewa yana kallo yana haɗiyar yawu, yana cewa ina ma. To, albishirinka mai karatu. Idan dai bugun zuciya ake nema, akwai inda ake samunsa ba fasfo ba biza, kimanin kilomita 120 arewa maso gabas da Kano. Wurin kuwa shi ne ƙasar Gumel a Jihar Jigawa, masarautar da ta haɗa ƙananan hukumomi 4: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Sai dai fa akwai bambanci babba. A tsibiri ana ba ka hular kwano da igiyar tsaro da ma'aikacin da zai riƙe ka. A nan kuwa babu tikiti, babu igiya. Abin da baƙo zai ɗauka wasa ne, sana'ar wasu ce da gadonsu, don haka wanda ya shigo da rawar kai shi zai koma gida da ɗauri.

HANYA DA TARIHI

Daga tashar Yankaba a Kano ake hawa mota, a bi ta Gezawa da Gujungu. Tun kafin a isa, ƙasa za ta fara canza kama. Jar ƙasa ta ɓace, farin yashi ya bayyana, ga gawo da aduwa da kuka jefi-jefi a cikin gonakin gero da riɗi da zoɓo. Irin wannan ƙasa ce ake kira jigawa, kuma daga nan jihar ta samo sunanta da aka ƙirƙiro ta a 1991.

Gumel ba baƙuwar doki ba ce. Mangawa ne suka kafa sarautar wajajen 1750, ta kuma zauna ƙarƙashin inuwar Borno, ba ta shiga daular Sakkwato ba. Zama tsakanin Haɗeja da Kano da Damagaram ya sa ta shafe shekaru masu yawa na ƙarni na 19 a bakin daga, kuma a zamanin nan wanda ba shi da mahaya ba shi da gari. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya yada zango a Gumel a 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da ita babbar kasuwar kanwa. Turawan Ingila sun iso a 1903, yaƙi ya ƙare, amma doki bai bar gari ba. Sarkin Gumel Alhaji Ahmad Muhammad Sani na Biyu ya haura shekara 40 a kan karaga.

SUKUWA BA WASAN YARA BA CE

Wanda ke son ganin ainihin abin, ya zo ranar hawan sallah. Bayan an gama zagaya gari, mahaya kan ja daga, su saki linzami rukuni-rukuni su nufo inda sarki yake a guje, sai sun zo daf su ja birki, doki ya durƙusa da ƙafafun baya, ƙura ta turnuƙe, a ɗaga hannu a yi jinjina. Wannan shi ne jahi. Doki a cikin sukuwa yana wuce kilomita 40 a awa, ga nauyin kayan ado, ga wasu dawakin hagu da dama. Ɗan kallo ma da ke tsaye a gefe sai ya ji ƙasa tana girgiza a tafin ƙafarsa.

Baƙon da ya ce shi ma sai ya hau, to ya bi a sannu. Ba a samun doki a kanti. Ta hannun mai masauki ake bi, shi zai kai ka wurin mai barga, a gaisa, a nemi alfarma, a kuma yi wa yaran barga ihsani. Kada ka roƙi ingarman da ya sha hatsi ya kwana biyu a turke. Ka nemi mai sanyin hali, mai shi ya riƙe ragama. A duba majayi ya ɗauru sosai, don sirdi in ya juya, mahayi a ƙarƙashin ciki zai tsinci kansa. Tsinin ƙafa kaɗai ake sa wa a likkafa, domin mafi munin faɗuwa ita ce wadda ƙafa ta maƙale doki ya ja mutum. Kuma a fita bayan gari kan yashi. Kofato da kwalta ba sa shiri, a Kano ma 'yan sanda sun sha hana kilisa a kan titi.

ALHAMIS A MAIGATARI

Daga Gumel zuwa Maigatari ba a cika rabin awa a mota ba. Gari ne na bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma duk ranar Alhamis kasuwar dabbobinsa ke ci, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Shanu, tumaki, awaki, dawaki, jakuna da raƙuma, ga Buzaye da Fulani da Barebari da fatake daga Kudu, ga tireloli sun yi layi suna jiran lodi.

A nan abin tsoro ba ya sallama. Bijimi zai iya ƙwacewa a wurin lodi, nan take ka ga dattijo mai babbar riga ya manta da girma ya haye katanga. Tirƙashi! Dokar kara ita ce kada ka tsaya a bayan dabba, kada ka tsallake igiya, in ka ji an ce a kauce, ka kauce tukuna ka yi tambaya daga baya.

Sai kuma hawan raƙumi, in an dace da mai shi ya yarda. Ana hawa ne yana gurfane. Abin da ba a faɗa wa baƙo shi ne da ƙafafun baya yake fara miƙewa, sai ka ji an wurgo ka gaba kamar za ka ci da baki, kafin ka farfaɗo kuma ya ɗaga na gaba ya mai da kai baya. Ka kwantar da jiki baya tun farko, ka riƙe sirdi gam, ka bar wa mai shi akala. In ya gama tashi kana sama da ƙasa da wajen mita 2, kasuwa duk tana ƙarƙashinka. Amale kuwa a lokacin sanyi, in ka ga yana kumfa, ko kyauta aka ba ka ka ce ka gode.

Kada zumuɗi ya sa ka tsallaka iyaka ba takarda. An rufe ta a 2019 aka buɗe a Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Jami'ai ba su san ɗan yawon shaƙatawa ba.

YASHI DA DAMBE

Ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa kuwa, da zarar an sauka daga kwalta, sai burji da yashi. Ɗan acaɓan ƙauye ya san sirrin: ya ɗan rage iskar taya, kada ya taka birkin gaba, kada kuma ya sassauta wuta a tsakiyar rairayi. Fasinja yana baya babur na wutsil-wutsil kamar tarwaɗa. Ɗan birnin da ya ce a ba shi ya gwada, yawanci a cikin ƙarangiya ake tsamo shi.

Da kaka, in amfani ya zo gida, lokacin dambe da kokawa ne a ƙasar Hausa. Ɗan dambe ya naɗe hannu guda da zare, ɗayan yana karewa, ana yin turmi 3, wanda ya taɓa ƙasa an kashe shi. Wannan na kallo ne kawai. Mai kiɗa zai iya zuga ka, amma ba zai raka ka wurin mai ɗori ba.

INA 'YAN FIM?

Abin takaicin shi ne yadda masu shirya finafinan Hausa suka fi gane wa falo da lambu da bakin dam. Tun 1976 Adamu Halilu ya nuna a fim ɗin Shaihu Umar cewa raƙumi da yashi suna cika ido. Ga fili kyauta, ga hasken yamma, ga mahaya na gaske awa 2 ko 3 daga Kano. Amma furodusan da zai zo ya sani, jarumin da bai taɓa hawa ba ba a ɗora shi kan ingarma don kawai a sami sin mai kyau. A ba shi makonni ya koya, ko a sa ɗan gari ya yi sukuwar a madadinsa, a biya shi haƙƙinsa, a kuma rubuta sunansa a ƙarshen fim. Kiwon doki tsada gare shi, domin hatsin da zai ci shi ne na tuwon gida. In masu barga suka ga akwai abin samu, 'ya'yansu ba za su sayar da doki su sayi babur ba.

Mai niyyar zuwa ya zaɓi Nuwamba zuwa Fabrairu, ko kwanakin sallah, domin a Afrilu zafi na haura digiri 40. Ya tanadi ruwa, rawani ko hirami saboda ƙura, da takalmi sau-ciki. Ya nemi izini kafin ya ɗauki kowa hoto, ya kuma dawo masauki kafin magariba. Ya tuna baƙo ko da idonsa makaho ne, sai da ɗan gari. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu da haƙoranmu cif-cif.