Maganin Giya na Kwalba: Gyara Ne Ko Jinkiri?



Mu da muke zaune tsakanin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, mota ba kayan ado ba ce a wurinmu. Ita ke kai mara lafiya asibiti a Kano, ita ke ɗauko buhunan masara da shinkafa, wasunmu kuma da ita suke ciyar da iyali. A da, yawancin motocinmu masu giyar hannu ne. Yanzu Corolla, Camry, Sienna da Honda masu giyar otomatik sun yawaita, kuma akasarinsu sun sha tafiya a Amurka ko Turai kafin su iso hannunmu. Tare da su ne wata 'yar kwalba ta shigo shagunan kayan mota, wadda muke kira maganin giya. Da zarar mota ta fara jinkirin shiga giya, ko tana fizga, sai a ce mana: "Alhaji, zuba wannan, za ta dawo sabuwa."

Kafin mu yanke wa kwalbar hukunci, bari mu duba aikin man giya kansa. A giyar hannu, babban aikin mai shi ne hana ƙarafa cin juna. A otomatik kuwa aiki huɗu yake yi lokaci guda: yana ɗauko ƙarfin inji ya miƙa wa giya, yana matse faifan kulochi da ke ciki domin giya ta canza, yana sanya santsi, sannan yana kwashe zafi. Dole santsinsa ya tsaya daidai gwargwado. In ya yi yawa faifai su zame, in ya yi kaɗan mota ta riƙa fizga. Shi ya sa kowane kamfani yake da irin nasa. General Motors ya fito da Dexron a 1967, Ford yana da Mercon, Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1, giyar CVT kuma manta daban ne gaba ɗaya. Kowane ɗayansu an riga an haɗa shi da sinadaran hana kumfa, hana tsatsa da daidaita santsi tun daga masana'anta. Wato miyar ta zo da gishirinta, mu ne muke son ƙara mata wani ba mu ɗanɗana ba.

Magungunan da ake sayarwa galibi iri uku ne. Akwai mai kumbura robobin da suka bushe domin yoyo ya ragu. Akwai mai ƙara wa mai kauri, yadda tsohuwar giya za ta ɗan riƙe matsi. Akwai kuma mai sauya santsi, wanda kan rage karkarwar da mota ke yi idan ta ɗauki gudu. Ba za mu ce duk ƙarya ba ne. Motar da ta tsufa, tana ɗan ɗigo, mai ita yana tara kuɗin gyara, kwalba tana iya saya masa 'yan makonni. Amma babu ruwan da zai mayar da faifan kulochi da ya riga ya cinye, ko ya ɗinke robar da ta tsage. Ciwon yana nan, kukansa kawai aka rage. Man da ya yi kauri fiye da ƙima kuma yakan wahala wajen ratsa ƙananan hanyoyin da ke cikin giya, musamman da sanyin asubar hunturu.

Babban abokin gabar giyar otomatik shi ne zafi, kuma mu muna da shi har da na kyauta. A watan Maris da Afrilu zafin rana kan haura digiri 40. Ga lodi fiye da ƙima, ga hawa da gangara idan an nufi Riruwai. Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta ratsa Tudun Wada zuwa Doguwa ya san dajin Falgore ba wurin da mutum zai so giya ta ƙi shiga ba ne, balle da almuru, ga mata da yara a mota. A nan ne arahar kwalba take zama tsada.

Mun san dalilin da ya sa take karɓuwa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuma darajar naira ta faɗi, kuɗin kayan gyara ya tashi. Sauke giya a kai ta Kano, a nemo kaya a Ƙofar Ruwa, ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai wannan kuɗin na kwalba yana da inda ya fi amfani. Mu zaro sandar awo, in motar tana da ita, mu ɗiga man a farar takarda. Ja mai haske lafiya ne, wanda ya yi duhu yana ƙauri kuwa ya ƙone. Yawancin motoci ana auna su inji na aiki, Honda kuwa sai an kashe ta bayan ta ɗumama. Mu sayi ainihin man da aka rubuta wa motar, a canza filta inda ake canzawa, a duba lagireto, domin a motoci da yawa ta cikinsa man giya ke bi ya huce. Mu kuma rage lodi.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi ta inji nauyi. Wani yakan zuba maganin ne ana gobe zai sayar da mota, domin ta yi lafiya a gwaji. Mai saye ya biya, bayan wata guda ta kwanta masa. A garuruwa irin namu, wanda aka yi wa haka ba baƙo ba ne: ɗan unguwa ne, ko suruki, ko wanda za mu haɗu da shi a sahun Juma'a. In mun zuba, mu faɗa, a yi ciniki a kan gaskiya.

Don haka idan makaniki ya miƙo mana kwalba, mu tambaye shi abu ɗaya: "Malam, me ya lalace a ciki?" In ya iya faɗa, mu yi maganar gyara. In bai iya ba, mu riƙe kuɗinmu mu nemi wanda ya sani.

Allah Ya tsare mana hanya.