Baƙinmu na Nijar: wa ke aiki, wa ke zaune?

Mu da muka tashi tsakanin Jega, Aliero da Maiyama mun saba da 'yan cin rani daga Doso da Dogon Dutsi. Namiji ko bai taɓa shiga aji ba, kwana biyu ya samu abin yi: ga-ruwa, dako a kasuwar Jega, cirar albasa a Aliero. Matansu kuwa sai mu ce "ba su aikin komai", alhali su ke surfe, wankau da tallar fura, ba dai mai rubutawa ne.

Wanda ya fi ba mu tausayi shi ne mai takardar Bak ta gama sakandare. Da Faransanci ya yi karatu, ofisoshinmu Turanci suke so. Sai ka tarar da shi a bakin tasha yana kabu-kabu tare da mu masu difloma.