Masu Fako Huɗu

Hausa ta bambanta tsaro da gadi da fako. Mai tsaro yana hana a taɓa abu. Mai gadi yana kwana a bakin ƙofa da fitila, don kowa ya san akwai ido. Mai fako kuwa laɓewa yake yi, ya bar mai ɓarna ya miƙa hannu, sannan ya kama shi. Ɗalibi ya lura, wannan fako ba shi da ƙugiya. Faƙo mai ƙugiya shi ne ƙasa mai tauri wadda shuka ba ta yi a kanta.

Masu rubuta manhajar kwamfuta su ma suna yin fako. Idan wata lamba tana sauyawa a ma'ajiyar kwamfuta ba a san abin da ke sauya ta ba, sai a sa ido a kan adireshinta, a saki manhajar ta ci gaba da aiki. Da zarar an taɓa wurin, komai ya tsaya cak. Sai dai masu fakon ba su da yawa. Tun daga masarrafin 80386 da kamfanin Intel ya fitar a 1985, rajista huɗu kacal aka ware domin riƙe irin wannan adireshi, daga DR0 zuwa DR3, kuma har yau ba a ƙara ba. Kowace ɗaya tana iya lura da bayit 1 ko 2 ko 4, ko 8 a kwamfutocin zamani.

Wannan ƙarancin ya taɓa tsayawa tsakanin wani yaro da mutuncinsa a Abijan. A unguwar Treichville, kudu da tafkin Ébrié, akwai wani dattijo mutumin Maraɗi mai sayar da man girki a sari. Yawancin masu sayensa 'yan Nijar ne masu sana'ar garba, wato acheke da soyayyen kifi, kuma bashi suke ɗauka, su biya ƙarshen mako. Lissafin yana cikin wata tsohuwar kwamfuta, a wata 'yar manhaja da wani ɗalibi ya rubuta masa da harshen C kafin ya koma gida. Shekaru tana aiki lafiya, har aka ɗauki sabon yaron shago, aka danƙa masa shigar da sunaye da kuɗi. Ba a yi wata biyu ba, bashin mutum shida ya saɓa da abin da ke cikin littafin takarda: na wani ya ragu, na wani ya ƙaru. Dattijo ya yanke shawarar sallamar yaron ranar Juma'a, kuma wanda aka kora da sunan sata a cikin 'yan'uwa na zango, labarinsa yakan riga shi isa gida.

Dattijon yana da ɗan ƙanwa mai gyaran waya a Adjamé, a kasuwar kayan lantarki da ake kira Black, wanda yake koyon rubuta manhaja da dare. Shi ne ya roƙi a ba shi kwana biyu. Ya tashi daga rumfarsa, ya ratsa Plateau, ya haye gadar Houphouët-Boigny, ya zauna a gaban kwamfutar ya buɗe GDB, manhajar bin sawun kuskure wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986.

Ya sa fako a kan bashin mutum shidan duka. GDB ta karɓa ba musu, domin ba ta rarraba rajistocin sai lokacin da za a saki manhaja ta ci gaba. Yana sakinta sai ta ce ba ta iya dasa su duka ba. Akwai wata hanya, wato a bar rajista, GDB ta riƙa tsayar da manhajar bayan kowane taki tana duba lambar da kanta. Wannan ba ta da iyakar adadi, amma tana rage gudu ninki ɗaruruwa. Ya gwada, allo ya yi kamar ya sandare. Ya so kuma ya lura da bayanin mutum guda gaba ɗayansa, suna da bashi, sai ya ga bayit 20 ne, zai cinye rajista uku shi kaɗai.

Dattijo, wanda ya yi gadin sito a kusa da tashar jiragen ruwa a ƙuruciyarsa, ya tambaye shi abin da ya tsayar da shi.

"Kawu, ƙofa shida ce, masu fako huɗu gare ni."

"Ɗana, wa ya ce maka ɓarawo shida ne? In hannu ɗaya ne yake shiga ko'ina, ƙofa ɗaya ta ishe ka. Amma ka fara zagayawa da rana, ka ga abin da ya haɗa ƙofofin."

Saurayin ya ajiye kwamfuta ya ɗauki littafi. Taura biyu ba ta taunuwa, balle shida. Ya zaɓi mutum ɗaya daga cikin shidan, ya sa fako a kan bayit huɗun da ke riƙe da bashinsa kawai. Ya sa na biyu a kan bashin wani wanda lissafinsa bai taɓa motsi ba, don ya sami abin kwatance. Sauran biyun ya bar su a hannu, domin a masarrafin Intel rajistocin nan ne kuma ake amfani da su in ana son tsayar da manhaja a wani layi ta hanyar na'ura, kuma mai bin sawu bai san inda sawu zai kai shi ba. Sannan ya kira yaron ya ce ya shigar da ciniki yadda ya saba.

Manhaja ta tsaya sau biyu. Na farko a layin da ke tara kuɗi, yadda ya kamata. Na biyu a layin da ke sake kwafe sunan mai saye, wanda ba shi da hurumin taɓa kuɗi ko kaɗan.

Wanda ya rubuta manhajar ya ware wa suna bayit 16, bashi yana biye da shi bango da bango, kuma haruffa yake ƙirgawa a zaton kowane harafi bayit ɗaya ne. A tsarin UTF-8 kuwa, ɓ da ɗ da ƙ kowannensu bayit biyu yake ci. Waɗanda suka riƙe shagon a baya ba sa sa ƙugiya. Yaron nan ya koyi rubutun Hausa da kyau, in laƙabin mutum ɗan Ƙonni ne, haka yake rubuta shi. Duk sunan da ya yi tsawo kuma yake da ƙugiya sai ya tumbatsa ya zuba cikin lambar da ke maƙwabtaka da shi. Bayit ɗaya yana iya karkatar da lissafi har sefa 255, biyu kuwa har 65,535. Mutum shidan nan duk masu dogon suna ne mai ƙugiya.

Da rajistocin sun kai ɗari, da saurayin ya baza su ko'ina, ya zauna yana karanta tsayawa ɗari ba tare da ya tambayi kansa abin da yake zargi ba. Masu aiki da ƙananan masarrafai na ARM, irin su Cortex-M0, biyu ma suke samu in sun yi yawa, kuma da su suke kama kurakuransu. Ƙarancin yana tilasta wa mutum ya yi tunani kafin ya sa ido.

An faɗaɗa ɗakin suna zuwa bayit 64, aka gyara lissafin daga littafin takarda. Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, dattijo ya kira yaron a gaban masu sayen nan shida, ya ce masa, "Yaro, na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba. Ka yafe mini." Ya kuma ce ya ci gaba da sa ƙugiyarsa a inda take.