Ɗan Ruga a Ajin Jami'a

Ni mutumin ƙasar Batsari ne. Mahaifina manomi ne, da girmansa ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, kamar ku. Shi ya dage har na shiga wata jami'a don koyon noma da kiwo.

A ajinmu akwai wani Bafilatani daga wata ruga a gefen dajin Rugu, ta wajen Safana. Da ya ke 'yan bindiga sun addabi ƙasarmu, sai waɗansu ɗalibai suka riƙa kiransa ɗan daji, alhali kuwa shanun ubansa aka fara korewa. Kullum a bayan aji ya ke zama, ba ya cewa uffan. Ni ma, abin kunya, na daina gaishe shi don kada a haɗa ni da shi. Har ya yi niyyar barin karatu.

Ran nan wani malaminmu dattijo yana koya mana ciwon sammore, wanda ƙudan tsando ke sa wa shanu. Sai ya rufe littafi, ya dube shi, ya ce, "Ɗana, a gidanku yaya ku ke gane saniya mai sammore?"

Yaro ya miƙe yana rawar murya. Ya ce za a ga tana ramewa ko da ciyawa ta wadata, gashinta ya tashi, idonta na hawaye, kullum ita ce a bayan garke. Malam ya rubuta maganarsa a allo, daura da ta littafi, sai ga shi sun zo daidai. Aji ya yi tsit. Ran nan da maraice na je na roƙe shi gafara.

Jama'a, a 1921 da aka kafa Kwalejin Katsina, yara ƙalilan ke samun shiga. A 1989 aka kafa hukumar ilmin 'ya'yan makiyaya, a 2011 kuma aka kafa jami'ar tarayya a Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana. Ƙofa dai ta buɗe. Amma shigar da yaro aji daban, sa shi ya ji ajin nasa ne daban. Wannan aikin malami ne.

Naku aikin kuwa, in za ku sallami ɗa ko 'ya zuwa jami'a, ku gaya masa kada ya ji kunyar asalinsa, kada kuma ya raina na wani. Allah ya sa mu gane.